Wuƙar da Ta Iso Bayana

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a ɗakin malamai a tare ni, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai saki ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne a can motar 'yan sanda ta fi ta gwamna. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya tambaye ni daga yau, takarda zan miƙa masa.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don masu cewa yawon buɗe ido na je. Ni malamin aikin gona ne, kuma ina da ɗan lambu a bayan gari inda nake auren mangwaro da lemo da gwaiba ina sayar da dashe. Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: ka yanko reshen bishiya mai daɗin 'ya'ya, ka tsaga jikin ƙaramar bishiya, ka haɗa su ka ɗaure. Yankan nan shi ne komai. In wuƙa ta dakushe ta tauna itacen, auren ba zai kama ba. Kuma hannun hagu yana riƙe da reshe, ba ya saki, sai dai ka buɗe wuƙa da dama kaɗai. Shekara ashirin da biyu ina fama da reza da wata 'yar wuƙar ninkewa ta kasuwa, wadda da haƙori nake buɗe ta. Wanda ya san ni ya san ɓallin da ke haƙorina na gaba. To, aikinta ne.

Wata rana ƙanena Auwalu, da ke aikin jinya a wani asibiti a Dubai, ya turo mini bidiyo. Wani mutum ne a gona, ya riƙe reshe da hagu, ya danna ɗan maɓalli da babban yatsa, wuƙa ta fito da kanta, ƙas! Na kalli bidiyon nan ya fi sau talatin. Matata Binta ta ce ko hoton bikinmu ban taɓa kallo haka ba.

Auwalu ya ce zai saya ya aiko mini. Na ce a'a. Mutumin da aikinsa allura da bandeji, me ya sani game da ƙarfe? Wuƙa sai ka riƙe ta a tafinka ka ji ko ta zauna. Shi kuma da ma shekara biyar yana roƙona in je in ga inda yake zaune, sai ya samu ƙofa. Ya yi mini biza, ya yanki tikiti, aka sa tafiya bayan Babbar Sallah ta 2018, muna cikin dogon hutu.

Mako guda kafin tafiya gidana ya cika da masu ba da shawara, kuma waɗanda ba su taɓa wuce Zariya ba su suka fi yawan magana. Wani ya ce kada in sha ruwan jirgi, wani ya ce in tafi da bargo. Amma abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya a kansa: kada in karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Abokina Malam Ɗanlami shi ya fi zaƙewa. Ya ce, "Sabi'u, mutanen nan sun iya aiki. Tsohuwa za su turo maka, mai carbi a hannu. Za ta kira sunanka, ta kira sunan ɗan'uwanka. Kana karɓa ka gama yawo, sai dai mu ji ka a rediyo." Binta ta sa na yi mata alkawari har sau biyu.

Ranar tafiya, tun da asuba na kashe data don kada caji ya ƙare, na cusa wayar can ƙasan jaka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A filin jirgin Kano, ina tura akwatina zan shiga, sai wata dattijuwa ta sha gabana. 'Yar ƙarama ce, da hijabi ruwan ƙasa, da carbi a hannu, tana rungume da ɗan bokitin roba da aka naɗe da salatif.

"Sannu, ɗan nan. Kai ne Malam Sabi'u, yayan Auwalu?"

Tsohuwa, carbi, sunana, sunan ƙanena. Ko Ɗanlami ne ya shirya ta, iyakar abin ke nan.

"Dambun nama ne na layya," in ji ta. "Ɗana Nasiru zan aika wa, gida ɗaya suke da ƙanenka. An ce an gaya maka. In kana so a buɗe ka gani."

"Hajiya, ku yi haƙuri. Ba na karɓar saƙo."

Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma halin malami ba ya barinsa. Na gyara tsayuwa na yi mata bayani a kan doka, da yadda ake jefa bayin Allah cikin bala'i, har na ce da girmanta bai kamata ta bari a yi amfani da ita ba. Ta dube ni, ta gyara riƙon bokitinta, ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Na shige ciki ina yaba wa kaina wayo.

Jirgi dai jirgi ne. Kunnena ya toshe, aka ba mu abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, na kusa da ni ya yi barci a kafaɗata. A Addis Ababa muka sauka canjin jirgi, muka yi awa huɗu cikin sanyi, har na tuna da mai shawarar bargo. Nan na fara ganin Hajiyoyin kasuwa, matan da ke zuwa Dubai saro kaya kamar yadda nake zuwa Kura sayen taki. Sun shimfiɗa zannuwa a ƙasa, sun fito da filas da soyayyen nama. Ɗaya ta ga ina ta juya wata faffaɗar waina mai tsami da na saya, ta ce, "Malam, sabon shiga ne ko? Ajiye wannan, zo ka ci abinci." Na lura jakar hannun kowacce cike take da ƙunshe-ƙunshe, kowane ƙunshi da sunan mutum a jiki. Ban kawo komai a raina ba, na ci naman mutane na yi godiya.

Da safe muka sauka Dubai. Layin shiga ƙasa dogo ne, amma ba mai tsallake wani, ba mai cewa shi ɗan wane ne. Jami'in, wani saurayi cikin farar jallabiya, da nuni ya yi mini magana: cire hula, cire tabarau, kalli na'ura. Na zare ido iyakar ƙarfina har ya yi murmushi ya ce, "Shwaiya, shwaiya," wato in sassauta. Ya buga hatimi na wuce.

Auwalu yana jirana, ya yi ƙiba, tare da wani dogon saurayi mai fara'a. Saurayin ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi jakata, amma idonsa yana kan kayana.

"Yaya, wannan shi ne Nasiru," in ji Auwalu. "Ina saƙon nasa? Yana cikin akwati?"

"Wane saƙo?"

"Dambun Ummansa mana. Ba ku ji saƙon murya da na tura muku jiya da safe ba? Har uku na tura."

Ban san lokacin da na zauna a kan akwati ba. Na ba su labari, amma na datse wajen wa'azin. Ashe Nasiru, wanda ke aikin karɓar baƙi a wani otal a Al Rigga, sai da ya yi musanyar aiki da abokinsa don ya zo tarbar bokitin nan. Sallah huɗu bai yi a gida ba. Ragon ma shi ya aika aka saya, dambun nan ne kawai rabonsa.

Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya, ba komai wallahi. Gara da kuka yi hattara."

Muna fita ƙofa tabaraun nawa ya yi fari fat, zafi ya rufe ni kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata, amma kunyar da ke cina ta fi zafin. A cikin tasi Nasiru ya kira gida, ya juya fuska wajen taga. "Umma, ya iso lafiya... A'a, kar ki damu... Kin daɗe a tsaye?" Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi ƙona ni.

Masaukinsu a Hor Al Anz yake, hawa na uku, mutum shida a ɗaki biyu da falo, gado a kan gado. Auwalu ya bar mini na ƙasa don ya san gwiwata. Mai girkin gidan shi ne Sule, ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani babban kanti. Ya dafa shinkafa da wake irin tasu, mai ja, da baƙin yaji mai daɗin gaske, amma ko tsoka babu. Yana zuba mini ya ce, da irin kiran aboki na garinsu, "Chale, Malam, kai ne ka bar nama a Kano? Ni ban sayi nama ba, an ce nama na cikin jirgi!" Gida ya kwashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma Malam Kwastan.

Masu tambayata dogayen benaye, eh, akwai su, kuma sun kai yadda ake faɗa. Ni dai abin da ya kama hankalina a ƙasa yake. Duk bishiyar da ka gani a garin nan akwai siririn baƙin tiyo a gindinta yana ɗiga mata ruwa. Ƙasar da ko rijiya ba ta da kirki, amma fure ba ya yaushi. A Al Rigga na tsuguna a bakin titi ina tono don in ga yadda aka haɗa tiyon, Auwalu yana ta jan rigata. "Yaya, don Allah ku tashi, mutane na kallonmu."

Ba wannan kaɗai na ba shi wahala da shi ba. Jirgin ƙasarsu ba shi da direba, kuma ba a cin komai a ciki. Muna tafiya ya kalli bakina ya ce, "Yaya, me kuke taunawa?" Na ce goro. Ya ce, "Ku haɗiye. Tara ce." Na haɗiye rabin goro ɗungurungum, hawaye na zuba, wata Bafilifina tana miƙo mini tishu. Gaisuwa kuwa ba su da ita. A cikin lif na gaishe da maƙwabcinmu, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali. Ya dube ni, ya dubi rufi, ya danna lambarsa. Abin da ba zan ƙi musu ba shi ne shayin nan nasu mai kauri, karak, da shinkafar Larabawa da ake binne namanta a rami. Waɗannan biyu sun isa a gafarta musu rashin gaisuwa.

A kwana na uku muka je Naif, inda mutanenmu ke saro kaya. Lunguna ne cike da jakunkuna da takalma da atamfa, kuma Hausar da na ji a nan ta fi wadda ake ji a Sabon Gari. Ba'indiye zai kama hannunka ya ce, "Alhaji, zo, kaya mai kyau, ba tsada!" A nan idona ya buɗe. Duk inda mutanenmu biyu suka haɗu, bayan gaisuwa tambayar farko ita ce, "Yaushe za ka koma?" Kuka da daddawa da yaji da hula suna zuwa, turare da waya da dabino suna komawa, duk a akwatin wani. Ɗan Dubai da uwarsa, abin da ke haɗa su shi ne kilo biyun da wani matafiyi ya yarda ya bayar. Ɗanlami bai yi ƙarya ba, akwai macuta. Amma ba a kan bokitin da aka ce maka "buɗe ka gani" ba.

Wuƙaƙe ma akwai su a Naif, masu ƙyalli, da hoton maciji a ƙota. Na danna ɗaya sau biyu, a na uku wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa cikin shayin mai kanti. Muka fice ba sallama.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutunsu, Auwalu yana asibiti, sai Nasiru ya ce in shirya bayan an sauko daga masallaci. Ya tambayi wani Balarabe mai zuwa otal ɗinsu, an kwatanta masa kantin da 'yan ƙasa ke sayen kayan fita sahara. Mutumin da na hana naman sallarsa, shi ya ba da ranar hutunsa, jirgi biyu da mota ɗaya, don in sayi wuƙa. A hanya na ga ma'aikata suna sassabe bishiyoyin titi, na tsinci reshe ɗaya kaurin yatsa na sa a aljihu.

Mai kantin dattijo ne ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle. Nasiru ya yi masa bayani da Larabcinsa na otal, ya buɗe wani akwatin gilashi da makulli. Iri biyu ne. Akwai wadda kaifin ke fitowa ta gaba, akwai wadda ke buɗewa ta gefe. Na ajiye ta farko, don tana ɗan rawa, kuma aikina ba ya son rawa. Na ɗauki wata baƙa, ba ado, ba ƙyalli, tsawonta bai wuce tafina ba. Ƙotar ta zauna a hannuna kamar an gwada. A gefe akwai 'yar sakata da ke hana ta buɗewa a aljihu. Na ture sakatar, na danna. Ƙas! Ba ta girgiza ba ko kaɗan.

Na ciro reshena. Nasiru ya rufe fuska, amma dattijon ya matso. Na riƙe da hagu, na ja yanka ɗaya a karkace. Wallahi ban ji lokacin da ta wuce ba. Fuskar yankan sumul, ba zare, ba tauna. Dattijon ya karɓa ya shafa da yatsa, ya yi wata magana da sauri. Nasiru ya ce, "Wai mahaifinsa ma aikin nan yake yi a garinsu. Wai shekara tara yana sayar da wuƙaƙen nan ga masu ɗaukar hoto da su, yau ya ga mai aiki."

Na yi murna, na ce to tunda mun zama 'yan'uwa sai a yi ragi. Ya yi dariya ya nuna mini takardar farashi. A nan ba a ciniki. Kuɗin tunkiya mai kyau na ajiye, ban kuma yi nadama ba. Ya ƙara mini dutsen wasawa kyauta, ya aika aka kawo karak. Da za mu fita ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi, Nasiru yana fassarawa: ba a yawo da ita a aljihu a garin nan, a bar ta cikin kwalinta, kuma ranar tafiya ta shiga babban akwati, ba jakar hannu ba.

Sauran kwanakin a gida na yi su da ita. Na ɓare wa kowa lemo ko bai nema ba. Na yanka wa Sule albasa har ta yi masa yawa. Ƙas, ƙas, ƙas, har ya ce, "Malam Kwastan, in ka sake danna abin nan zan kai ka ƙara wurin kanka." Ban taɓa mallakar abu mai kyau haka don kaina ba. Kullum na yara ne, na gida ne, na makaranta ne. Wannan tawa ce, kuma ina ta ƙirga dashen da ke jirana a lambu, don in damina ta wuce ban yi musu aure ba, sai baɗi.

Da tafiya ta matso na yi shela a gidan: duk mai saƙo ya kawo. Kowa ya kawo, har Sule ya ba ni na wata 'yar'uwarsa a Fagge. Na dubi Nasiru. Ya ce, "A'a, Yaya, na riga na aika nawa." Cikin ladabi ya faɗa, amma na gane.

Tun jajibiri na sa wuƙa a kwalinta, na sa kwalin a babban akwati, Auwalu na shaida. Da safe muna ɗaure jakar bakko ta saƙonni, igiya ta yi tsawo. Na buɗe akwati, na ciro wuƙa, na datse igiya, na rufe akwati. Hannun da ya shekara ashirin da biyu yana mayar da wuƙa aljihu bayan yanka bai yi shawara da ni ba.

Auwalu yana da aiki, Nasiru ne ya raka ni filin jirgi. Aka auna kaya, bel ya tafi da su, muka yi sallama, ya kama hanyar jirgin ƙasa. Ina tafiya wajen masu duba fasfo na sa hannu a aljihun kaftani, sai na taɓa ƙarfe mai sanyi.

Na tsaya cak. Gaba na'urar bincike ce, za su ƙwace ta, in ma abin ya tsaya nan. Akwatina ya tafi. Na ja gefe na naɗe ta a hankici, na koma layin masu zuwa Kano, waɗanda ba a auna kayansu ba tukuna. Na matsa kusa da wani Alhaji.

"Alhaji, don Allah, ɗan saƙo ne ƙarami. Jirgi ɗaya za mu shiga. In kuna so a buɗe ku gani."

"Malam, ka yi haƙuri, ba na karɓar saƙo."

Na biyu ko kallona bai yi ba. Wata Hajiya ta tambayi mene ne, da na ce wuƙa ta ce, "A'uzubillahi," ta ja akwatinta. Na biyar wani yaro ne sa'ar ɗalibaina, da kwat da tabarau. Ya gyara tsayuwa ya yi mini bayani a kan doka, ya ce da girmana bai kamata in bari a yi amfani da ni ba. Na tsaya ina sauraron maganata tana fitowa daga bakin wani, da ɗan ƙunshi a hannuna.

Saura kwandon shara, ko waya. Na daɗe ina kallon sunan Nasiru kafin na danna. Ya riga ya wuce tasha biyu. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, cewa kawai ya yi, "Ku tsaya a inda kuke." Ana kiran jirginmu a karo na biyu ya iso da gudu, rigarsa jage-jage da gumi. Ya karɓi hankicin ya ce, "Yalla, maza, Yaya, ku tafi. Za ta iso, inshallah."

Haka na dawo Kano da saƙon mutum biyar, ba wuƙa. Waɗanda suka yi mini dariya a lokacin sun san kansu. Ɗanlami kullum sai ya ce in danna masa ya ji ƙarar. Mako uku ina zuwa lambu ina kallon dashe, ina kallon sama, ruwa yana ta ja da baya.

Sai ga saƙon Nasiru: wata Hajiyar kasuwa ta taho da ita a akwatinta. "Tana wurin Umma a Gwammaja. Ku je ku karɓa." Na kira Auwalu na ce ba za a iya aiko wani ba? Ya ce, "Yaya, ku je." Na yi kwana biyu ina kewaye-kewaye, har Binta ta ɗauko dashen mangwaro biyu mafi kyau ta ɗaure mini a bayan babur ta ce kada in dawo mata gida sai da wuƙa.

Na tarar da Umman Nasiru zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Ina sallama ta ɗago.

"A'a! Malam mai doka. Maraba, maraba."

Ta sa aka yi mini shimfiɗa, aka kawo ruwa, ta tambaye ni hanya, ta tambayi ko Nasiru ya rame. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da hankicina, ɗaurinsa yadda na yi shi.

"Ga saƙonka. Ban buɗe ba. An ce mini wuƙa ce, na ce to, Allah ya sa dai doka ta yarda tsohuwa ta ajiye."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ni kuwa na durƙusa na ba ta haƙuri, da wa'azin da komai. Ta ce ya wuce, ai tsoro halak ne. Sai na tambaye ta dambun, ko ta samu wanda ya kai.

"Ranar nan na tsaya har jirginku ya tashi," in ji ta. "Na koma sau biyu, to ƙafar ba ta ba ni dama. Hajiyar da ta kawo wuƙarka kuma sai bayan Mauludi za ta koma." Ta nuna ƙofar ɗaki da haɓa. "Ga shi can. Na soya shi sosai, ba abin da zai yi."

A kan kabad, ga bokitin da salatif ɗinsa. Mako shida, da jikoki cike da gida, ba wanda ta bari ya taɓa.

Na dasa mata mangwaron, na ɗauki bokitin. Ranar jirgi ta gaba ni ne a ƙofar filin jirgin Kano, rungume da shi. Mutum bakwai suka ƙi ni, biyu da wa'azi. Na takwas wani dattijo ne mai sayar da takalma a Kwari. Ya ce shi sai ya gani da idonsa. Na riƙe bokiti da hagu, na sa dama a aljihu. Ƙas! Aikin farko da wuƙata ta yi a ƙasar nan ke nan, ba mangwaro ta yanka ba, salatif ɗin Hajiya Umma ta yanka. Ƙamshi ya tashi. Dattijon ya ɗebi kaɗan ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya ce, "Rubuto mini lambar yaron."

Washegari da yamma ina lambu, na riƙe reshe, saƙon murya ya shigo. Yanzu ba na kashe data. Da farko hayaniya ce, Sule yana ihu wai Malam Kwastan ya saki kaya. Sai aka ji an rufe ƙofa, aka yi shiru. Nasiru ya ce, "Yaya..." ya tsaya. Ya sake cewa, "Yaya, hannun Umma ne. Bai canza ba." Daga nan saƙon ya yanke. Na ajiye wuƙa na zauna a kan bokitin ban-ruwa, na daɗe ban tashi ba.

To, masu tambaya ina wuƙar, tana aljihuna, kuma ba na ba da aro. Dashen bana ya kama, haƙorina ya huta. Sai abu ɗaya: duk wanda zai tafi Dubai a cikinku ya faɗa mini da wuri. In kuma ya ɓoye, zai tarar da ni a ƙofar filin jirgi da bokiti a hannu. Na san sunansa, na san sunan ƙanensa.